Inbata Mai Saurin Firgita Ba Ta Dace da Babban Layin Lantarki Ba

Ranar 16 ga Agusta, 2016, gobarar daji da aka laƙaba wa suna Blue Cut ta taɓa manyan wayoyin lantarki a kudancin Kalifoniya ta Amurka. Nan take aka ware wayar da ta sami matsala, amma duk da haka kimanin megawat 1,200 na wutar hasken rana ya ɓace daga layi. Gobarar ba ta ƙone tashoshin ba. Na'urorin inbata ne suka janye jiki.

Aikin inbata shi ne juya wutar faifan rana, mai bin hanya guda, zuwa wuta mai kai-da-komo sau 60 a daƙiƙa, daidai da bugun babban layi. Da tafiyar wutar ta karkace na ɗan lokaci, da yawansu suka yi kuskuren awo, suka ɗauka bugun ya faɗi ƙasa da 57, suka kashe kansu.

Aibin yana ga tsarin sarrafawa, wanda aka gina bisa zaton layi zai zauna lafiya kullum. Jikin ɗan Adam ba haka yake ba. Idan mutum ya miƙe farat ɗaya, ƙarfin jini ya sauka, sai jijiyoyin wuya su kai rahoto, zuciya ta ƙara bugu, ba ta tsayawa.

Lallai ne a gwada kowace inbata cikin hargitsi kafin a haɗa ta da layi. Gwajin na da tsada, gaskiya ne, amma irin wannan janyewa ta sake aukuwa a Odessa ta jihar Texas a 2021, ta kuma maimaitu a 2022.