MAI DOKAR BARCI YA ƁUGE DA GYANGYAƊI

Jama'a, akwai masu cewa silima ɓata lokaci ce, aikin zauna-gari-banza. Sau da yawa da gaskiyarsu. Amma akwai wata guda wadda nake roƙon kowane talaka da kowane ɗan kasuwa ya nema ya gani, ko da zai rage na goro. Sunanta Serpico. A Amurka aka yi ta, ta fito a 1973. Sidney Lumet ya shirya ta, Al Pacino ya fito a matsayin mai sunan.

Labarin ba ƙage ba ne. Frank Serpico ɗan Italiyawa ne da suka yi ƙaura zuwa birnin New York, ya shiga aikin ɗan sanda a 1959. A silimar, tun yana sabon shiga aka nuna masa gidan abincin da ɗan sanda ba ya biya. Da aka mai da shi cikin masu farin kaya, sai ga ambulan ɗauke da dala 300, aka ce rabonsa ne daga masu gidan caca. Ya ƙi. To, daga ranar nan ya zama bare a cikin 'yan'uwansa, don ɓarawo ba ya sakin jiki da wanda ya ƙi karɓar kaso.

Amfanin silimar na farko ke nan. Ta nuna cin hanci sana'a ce mai tsari, da mai zagawa karɓa, da ranar rabo, da manya masu kau da kai. Serpico ya kai ƙara wurin shugabanninsa, aka ce ya yi haƙuri ana dubawa. Maganar ta kai har ofishin magajin gari, shiru. Shekaru suka shuɗe. Sai da shi da abokinsa David Durk suka je wurin 'yan jarida, New York Times ta buga labarin a shafin farko ran 25 ga Afrilu, 1970, sa'an nan magajin gari John Lindsay ya kafa kwamitin bincike a ƙarƙashin lauya Whitman Knapp. Ku lura, kunyar idon jama'a ce ta motsa manya.

Ran 3 ga Fabrairu, 1971, aka tafi da shi kamun masu sayar da ƙwaya a unguwar Brooklyn. Ya tura ƙofa, ta maƙale shi, ya yi kiran abokan aikinsa, ba su kawo ɗauki ba, aka harbe shi a fuska. Allah ya yi da sauran kwana, amma kunnensa na hagu ya kurmance. Da wannan aka buɗe silimar: ga shi kwance cikin mota jina-jina, ana tambaya ko ɗan sanda ne ya harbe shi. Ina misalin lalacewar da ta kai a yi wannan tambaya?

Amfani na biyu, ba a yi wa labarin kwalliya ba. A titunan New York aka ɗauke ta, da juji da tsofaffin gidaje da ofisoshi masu dauɗa. Ba a mai da Serpico waliyyi ba. Ga zafin rai, ga tsoro, har macen da ke son sa ta gaji ta tafi. Ƙarshenta kuwa babu kiɗa babu guɗa: ya ajiye aiki a 1972, ya bar ƙasar ya tafi Suwizalan. Gaskiya ɗaci gare ta, masu silimar ba su zuba mata sukari ba.

Wasu za su ce irin wannan tana zubar da mutuncin 'yan sanda. Ina amsa musu cewa jarumin silimar ɗan sanda ne, kuma wanda ya miƙa hannu ya karɓa shi ya zubar da mutuncin kaki. Kwamitin Knapp kansa, a rahotonsa na 1972, ya raba masu cin hanci gida biyu, masu cin ciyawa da masu cin nama. Na farko suna karɓar ɗan abin da ya zo, na biyu su ne masu fita farauta. Ya ce masu cin ciyawa su ne tushen cutar, don yawansu shi ya sa abin ya zama ba abin kunya ba. Wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, ta yaya mai cin ciyawa zai tona mai cin nama?

Ba na ce silimar ba ta da aibu ba. Akwai ashar a cikinta, ba ta yara ba ce. Kuma ta ɗora nasarar kusan duka a kan mutum ɗaya, har aka sake wa Durk suna aka rage masa matsayi. Wannan kuskure ne, don hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Bayan shekara 20, a 1992, sai da aka sake kafa wani kwamiti a ƙarƙashin alƙali Milton Mollen, ya tarar da 'yan sanda masu yi wa dillalan ƙwaya fashi su sayar. Ashe ciyawar da aka nome tana sake tohowa in mai gona ya juya baya.

Saura mu. Duk wanda ya taɓa ɗauko kaya a mota zuwa kasuwa ya san yadda ake dunƙule hannu a miƙa. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Mai caca a New York ya biya don a ƙyale shi, mu kan biya don mu wuce da wuri, amma duk abinci ɗaya muke ba kura. Ku je ku gani, ku tafi da maƙwabci, in kun fito ku zauna ku tattauna. In Allah ya haɗa ku da ɗan sandan da ya ƙi karɓa, kada ku ce masa wawa. Ku riƙe sunansa, ku tsaya masa ranar da za a taso shi gaba, don kaɗaici ne ya kusa kashe Serpico.

Allah ya ba mu ikon faɗin gaskiya, amin.