Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Shugaban Konami: Ina Master League Ɗin Da Kuka Yi Mana Alkawari?

Zuwa ga Mista Hideki Hayakawa,
Shugaban Konami Digital Entertainment,
Ginza, Tokyo, Japan.

Yallaɓai,

Daga Deira nake rubuto maka wannan takarda, tsohuwar unguwar kasuwanci ta Dubai, inda Hausawan Kano da Katsina da Maraɗi ke fatauci da aikin ƙarfi. Labari ya iso mana cewa bana, 2025, gem ɗinku na ƙwallon ƙafa, wanda muka sani da PES kafin ya koma eFootball, ya cika shekara 30, tun fitowar Winning Eleven na farko a PlayStation a 1995. Muna taya ku murna. Amma kafin a yi nisa da shagali, akwai bashin da ake bin ku, kuma maganarsa ce ta sa na ɗauki alƙalami.

A ƙarshen watan Mayun 2022 kamfaninka ya sanar da duniya cewa Master League zai dawo cikin eFootball a shekarar 2023, kuma sayar da shi za a yi. Ba mu yi gardamar kuɗi ba, mun ce mun ji mun yarda. 2023 ta zo ta wuce. 2024 ta bi bayanta. Ga mu a 2025, babu Master League, babu ranar fitowarsa, babu wani gamsasshen bayani. Yallaɓai, a wurinmu alkawari kaya ne, wanda ya ɗauka bai sauke ba kuwa, ko ya manta, masu kayan ba su manta ba.

Wataƙila daga ofishinka na Ginza ba ka san abin da Master League yake a ƙasarmu ba, bari in gaya maka. Gidan gem a Kano ɗan shago ne mai benci biyu ko uku, da talabijin a jere, da ƙaramin janareta yana kuka a bakin ƙofa. Ana biyan kuɗin wasa, wanda aka ci ya miƙa hannun gem ya tashi. To amma akwai wasu samari da ba don wannan suke zuwa ba. Su da ɗan katin ajiyarsu na PS2 suke zuwa a aljihu, su jira a rage cunkoso, su zura shi, su ɗora daga inda suka tsaya jiya. Ƙungiyar da aka ba su ba ta da tauraro ko ɗaya. Castolo ne a gaba, Minanda a tsakiya, Ximelez da Espimas a gefe, Ivarov a raga. Mutanen da babu su a duniya, amma yau ka ambaci Castolo a majalisar 'yan shekara talatin da wani abu a Fagge ta Kano ko a Naif ta nan Deira, ka ga yadda fuskoki za su washe. Da waɗannan gajiyayyun 'yan wasa ake farawa daga ƙaramin rukuni, a sha kashi, a tara maki, a yi tattalin albashi, a sayo yaro ɗan shekara 17 a raine shi kaka bayan kaka har ya zama dodon raga. Babu wanda ya taɓa sayen kofi da kuɗin aljihunsa a can. Ɗan mai kuɗi da ɗan mai gyaran keke daga wuri ɗaya suke farawa, wanda ya fi haƙuri da basira shi ke ɗaga kofi.

Wannan kuka ɗauke. Wannan kuka ce za ku dawo da shi. Wannan ne har yau ba mu gani ba.

Ba zan tauye muku haƙƙinku ba. A zamanin PES 5 da PES 6, lokacin da Shingo Takatsuka ke jagorantar aikin, babu kamfanin da ya fahimci ƙwallo kamar Konami. Ƙwallon tana da nauyi, fasin yana da rai, ci biyu ba sa zama iri ɗaya. Abokan hamayyarku na EA suna da lasisin sunaye da riguna, ku kuna ba mu sunayen bogi irin su Man Red da Merseyside Red, amma muka zaɓe ku ido buɗe, domin abin da ke cikin fili ya fi mana abin da ke rubuce a riga. Da kuka rasa lasisin Gasar Zakarun Turai a 2018 bayan shekara goma tana hannunku, ba mu gudu ba. Da kuka fitar da PES 2021 a Satumban 2020 kuka ce sabunta kaka ce kawai, domin kuna can kuna ƙera wani gagarumin abu, mun ba ku uzuri. Mutanen da suka yi muku wannan biyayya, me suka samu?

A Yulin 2021 kuka binne sunan PES. Ranar 30 ga Satumba kuka saki eFootball 2022, da ƙungiyoyi tara kacal ga mai son bugawa shi da abokinsa, da fuskokin 'yan wasa da duniya ta yi ta yi wa dariya, har ya zama gem mafi ƙarancin yabo a dandalin Steam a lokacin. Kun ba da haƙuri, gaskiya ne. Kun soke ƙunshin 'yan wasa na kusan dala 40 da kuka fara sayarwa tun kafin a iya amfani da shi, kun mayar wa mutane kuɗinsu, wannan ma gaskiya ne. Gyaran da aka sa wa watan Nuwamba bai iso ba sai Afrilun 2022. Amma da ya iso, me ya zo da shi? Dream Team, wato kasuwar katunan 'yan wasa. Shagon karɓar kuɗi ya samu shiga a kan kari, Master League kuwa aka ce ya jira a waje.

Akwai wani abu game da wannan rana ta 30 ga Satumban 2021 da nake so ka sani. A ranar da kuka mayar da gem ɗinku abin da rayuwarsa ta rataya a kan intanet, jihar Zamfara tana cikin makonni na katsewar layukan waya saboda yaƙi da 'yan bindiga, haka ma ƙananan hukumomi da dama a Katsina da Sakkwato. Ba laifinku ba ne, na sani. Amma ya kamata ya nuna maka irin duniyar da ɗimbin masoyanku ke ciki. Ko a lokacin zaman lafiya, data kuɗi ce. A Janairun 2025 hukumar sadarwa ta Nijeriya ta amince a ƙara kuɗin kira da data har zuwa kashi 50 cikin ɗari. Dalar da ake canzawa a hukumance ƙasa da naira 500 a farkon 2023 ta haura naira 1,500 a 2024. Yaron da ke Gusau ko Damagaram bai buƙatar sabis don ya buga Master League a da. Wuta kaɗai yake nema, ko ta janareta ce.

Kada kuma a ce kukan talauci ne kawai. Ni a Dubai nake, inda intanet ke gudu ba tangarɗa, dirhami kuma a ɗaure yake da dala ba ya rawa. Wannan birni ne da Yarima Hamdan bin Mohammed ya ƙaddamar wa shiri na musamman a 2023 don ya shiga sahun manyan biranen gem goma na duniya kafin 2033, da burin samar da ayyuka 30,000. A nan ma, ka shiga ɗakunan da samarinmu ke kwana su shida su takwas a gadaje masu hawa biyu, daren Asabar bayan an tashi aiki, za ka tarar da PS4 a kan kwali, PES 2021 a ciki. Ka leƙa shagunan kayan lantarki na Naif da Sabkha, inda 'yan kasuwa ke ɗaure tsofaffin PS4 a kwalaye za a kai kago zuwa Kano, ka saurari wane gem masu saye ke tambaya a sa musu. Gem ɗin da kuka daina yi, shi ake nema. Wasu masoya ma, ba da albashin kowa ba, su ke zama suna sabunta masa 'yan wasa da riguna kowace kaka, kamar masu yin Football Life. Mutanen sa-kai suna riƙe da gadon Konami, Konami kuwa ta juya masa baya. Wannan bai dame ka ba, Yallaɓai?

Na san amsar da masu lissafinka za su bayar. Za su ce an sauke eFootball sama da sau miliyan 700, kuma kyauta ne. Za su ce tun 2015, shekarar da ka hau wannan kujera, ka faɗa cewa makomar gem tana cikin wayar hannu, kuma lokaci ya gaskata ka. Ban musa ba. Yara da yawa da ba za su taɓa mallakar PlayStation ba yau suna buga ƙwallo a wayar dubu hamsin, wannan alheri ne, kuma har yanzu idan aka busa usur aka fara taɓa leda, hannun Konami yana nan. Za su kuma ce yankinmu kasuwar faifan kwafi ce, ba mu da bakin magana. To ai ku da kanku kun rushe wannan hujja, tunda yanzu kuna karɓar kuɗin mutanenmu kai tsaye ta waya. Wanda kuɗinsa ya isa ya sayi koyin ɗin cikin gem, kuɗinsa ya isa ya sayi Master League.

Kuma wannan kyautar, a duba ta da kyau. Ana kawo akwati mai 'yan wasa 150, manyan da ake kwaɗayi ba su wuce uku ba, ka biya koyin a zaro maka wanda rabo ya ba ka. Kamar a ce wa mai son sayen rago ya biya kuɗi, a ɗaure masa ido, ya shiga garke ya damƙo abin da hannunsa ya taɓa, in bai yi masa ba ya sake biya. Bayan 'yan makonni a fito da sabon katin ɗan wasan nan dai, an ƙara masa ƙarfi, na jiya ya zama tsohon yayi. A wurin Musulmi irinmu, cinikin da ba ka san abin da kake saye ba abin ƙyama ne, kuma wannan ya yi kama da caca ƙwarai. Ba mu kaɗai muka ga haka ba. Hukumomin Beljiyam sun ɗauki irin waɗannan akwatuna a matsayin caca tun 2018, har ta kai kun dakatar da sayar da koyin ɗin gem ɗinku a ƙasar. Abin da bai dace da yaron Burasels ba, ta yaya ya dace da yaron Kurna? A da muna koya wa ƙannenmu yadda ake tattalin ƙungiya. Yau abin da suke koya shi ne jiran ranar sabon akwati.

Za ku ce kun kawo My League a ƙarshen 2023. Mun gani. Amma ɗaukar katunan Dream Team a shiga gasa da su ba shi ne Master League ba, kuma kun fi kowa sanin haka. Ba cinikin 'yan wasa irin na da, ba renon matasa, ba ɗan wasan da zai tsufa a hannunka ya yi ritaya kana jin kamar ka rabu da ɗan'uwa.

Sauran ƙorafe-ƙorafen zan jero su kawai. Cikakken Edit, wanda da shi muke ɗinka wa Kano Pillars rigarta ruwan ɗorawa da kore mu shigar da Sai Masu Gida gasar Turai, ba mu sake ganin irinsa ba. Tsarin Become a Legend ma shiru. Gasar kofi tsakanin abokai a ɗaki ɗaya, wadda ita ce abincin gidajen gem, an ƙuntata ta. A gasar FIFAe ta duniya da aka yi da eFootball a Riyad a Disambar 2024, Nijeriya ba ta cikin ƙasashen da aka gayyata, ƙasar Osimhen da Lookman, gwarazan Afirka na 2023 da 2024.

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne, kun nuna kun iya sauraro idan kun ga dama. Masoyan gem ɗinku na Silent Hill sun yi ta kuka tun da kuka soke Silent Hills a 2015, shekarar da Hideo Kojima ya bar ku. A Oktoban 2024 kuka ba su Silent Hill 2 sabo, cikakken gem, a biya sau ɗaya a kai gida, kuma ya sayu sama da miliyan biyu cikin 'yan watanni. Masoyan Metal Gear ma kun waiwaye su. Ashe kun san hanyar. To mu masu ƙwallo laifin me muka yi? Ko don akwatin koyin yana kawo abin da ya ishe ku, shi ya sa ba ku ga dalilin cika mana alkawari ba? Idan haka ne, ku fito ku faɗa. Ka tsaya a gaban duniya ka ce Master League ya mutu, mu yi masa ta'aziyya mu watse. Jan rai ya fi hanawa ciwo.

Yallaɓai, ga roƙona, kuma kai nake roƙo, ba sashen talla ba. Ka sa a fitar da Master League cikakke, a yanka masa farashi, mu biya sau ɗaya. A bar shi ya yi aiki ba tare da intanet ba, a na'urar gem da kwamfuta, in da hali har a waya. Kada a cusa koyin a cikinsa, kada a sa katin kuɗi ya fi ɗan wasan da mutum ya raina da hannunsa. A dawo da Edit yadda yake. A faɗi rana, kuma a cika.

Ina kuma so ka lura da wani abu. EA ta rabu da sunan FIFA, ta koma EA Sports FC tun 2023, amma ba ta taɓa cire tsarin renon ƙungiya daga gem ɗinta ba, kuma kowace shekara ana ganin faifanta a shagunan Dubai Mall da na Deira. Mutanen da suka rantse a da ba za su taɓa shi ba, yau da yawansu can suka koma, ba don sun fi son sa ba, sai don can ne aka bar musu ƙofa a buɗe. Masu gidajen gem a Kano su ne ke zaɓar gem ɗin da yaro zai fara riƙe wa hannu, kuma abin da yaro ya fara da shi, da shi yake girma. Tsofaffin PS4 ɗin nan da ke riƙe da PES 2021 ba za su dawwama ba. Ranar da suka gaji aka zo sauya su, mai shago zai sayi abin da zai iya kunnawa ba sabis, ya tara yara a benci ya samu na cefane. Idan a ranar Konami ba ta da abin da za ta miƙa masa, wani zai miƙa.

Muna jiran rana da farashi.

Naka,
Wani tsohon mai renon ƙungiyar Castolo,
Deira, Dubai, Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa.