Kuɗin Ragon Layya

Ɗan ƙanena yana Duwala. Shekara biyu muna cewa "aikin kwamfuta yake yi", ba wanda ya tambayi wane iri. Sai da ya zo Garwa hutu na zaunar da shi a rumfata.

Ashe kamfanin cacar ƙwallo yake yi wa aiki. Ba ya karɓar kuɗin kowa da hannunsa. Shi ke tsara fuskar manhajar: inda maɓalli zai zauna, launinsa, da sau nawa yatsa zai taɓa waya kafin kuɗi su fita daga Orange Money ko MTN. Ya ce, "Baffa, in mutum ya tsaya tunani, ya kuɓuce mana."

Ni ɗan kasuwa ne, na gane maganar sarai. Mu ma kayan da muke so su tafi muke jerawa a bakin rumfa. Amma wanda ya sayi atamfa, da atamfa yake komawa gida.

Tun 2022, da aka buga wasannin kofin Afirka a filin Roumdé Adjia, yaron shagona ya kamu. Bara jaka arba'in na ciniki suka tafi a dare ɗaya, yana kuka yana rantsuwa zai biya.

Na ce wa ɗan ƙanena bankuna da asibitoci ma suna da manhaja. Ya ce albashinsu bai kai ba, kuma shi ke biya wa ƙannensa makaranta. Wannan gaskiya ne.

Kuɗin ragon layyar da ya ba ni suna nan cikin aljihun tebur, ban taɓa ba. Uwarsa ta aiko sau biyu tana tambaya ko na sayi ragon.