Sitika Ba Ta Taka Totur

A wannan makon ku yi mini haƙuri, zan ɗan jingine labarin da muke ciki, domin wani abu ya faru a gabana a hanyar Tofa, kuma ya ƙi fita daga raina.

Ranar wata Lahadi da hantsi na shiga motar haya a Kabuga zan je Tofa gaisuwar rasuwa. Mun wuce Rijiyar Zaki, mun wuce sabuwar Jami'ar Bayero, sai muka cim ma wata ƙaramar mota tana tafiyar hawainiya. A bayanta an manna sitika mai zanen kifi, da sunan Yesu a cikin kifin. Direbanmu ya danna hon, ya sake dannawa, sannan ya ja tsaki ya ce, "Kun gan su ko? 'Yan coci ke nan. In ka ga wannan takardar a bayan mota, to ka ɗauki haƙuri, yau a hanya za ka wuni." Mota ta kwashe da dariya. Ni ma na dara, ba zan yi muku ƙarya ba.

Dab da Janguza ya samu 'yar kafa ya fizgi mota, ga tifar yashi ta taho, da ƙyar muka sha. Da muka zo daidai da motar kowa ya leƙa don ya ga ɗan cocin. Wa za mu gani? Dattijo ne da farin gemu da hularsa zanna, carbi na lilo a jikin madubi, a baya kuma mata ne cikin hijabi. Mota ta yi tsit. Can direba ya ce, "Au, ashe Baba ne."

Abin ba wani abin mamaki ba ne. Yawancin motocin da muke hawa na hannu ne, sun gama yawonsu a Amurka ko Turai kafin su biyo ta Kwatano ko Legas su iso mana, kuma da yawa da sitikar mai su na farko suke zuwa. Kifin nan tsohuwar alama ce ta Kiristoci tun zamanin daular Rum, domin a harshen Girka haruffan kalmar kifi su ne farkon kalmomin sunan Yesu da laƙabansa. Ina kyautata zaton Baba ya ɗauka tambarin kamfani ne.

To amma mu ƙaddara Kirista ne da gaske, a ce matar wani soja ce daga barikin Janguza ta kwaso 'ya'yanta za su coci. Sai me? Mota nawa marasa sitika suka tare mana hanya a rayuwa muka manta da su tun kafin mu isa gida? Wadda ke da alama ita ce ke zama a ƙwaƙwalwa. Ka gamu da ita sau biyu, shi ke nan ka yanke wa miliyoyin mutane hukunci. Ɗan cocin da ya wuce ka fuu kamar iska kuwa, ba ka ma samu damar karanta bayan motarsa ba.

Akwai kuma abin da ba mu cika son faɗa ba. Kowa ya san abin da ke biyo baya idan mota ta buge mutum a bakin kasuwa ko a tsakiyar ƙauye: kafin a tambayi mai gaskiya an taru. Ɗan gari yana da wanda zai ce "ku tsaya, na san shi." Baƙo fa, wanda bayan motarsa ya riga ya faɗi addininsa? Wanda ya ga Kano a watan Oktoba na 1991, ko a watan Mayu na 2004, ba sai an yi masa bayani ba. Idan har akwai wanda tsoro ne ya sa yake lallaɓa mota a cikinmu, wallahi wannan ba abin dariya ba ne, abin kunyarmu ne.

Sannan ita kanta hanyar, ina ake gudu a cikinta? Ƙasar Tofa gona ce jikin gona, gida jikin gida. Ga 'yan makaranta, ga awaki, ga amalanken shanu, ga mai babur ya ɗauro buhun taki ya shigo titi ba ko waiwaye. Dokar Hukumar Kiyaye Haɗurra, wadda aka kafa a 1988, ta ce kilomita 50 a awa a cikin gari, 80 a kan babbar hanya irin wannan. Tun 2017 aka fara tilasta wa motocin haya sa na'urar rage gudu. Ku tambayi kanku don wa aka yi ta, don irin su Baba ko don irin direbanmu?

Kada mu manta mu ma muna da namu rubutun. "Allah Ya kiyaye." "Masha Allah." "Hassada ga mai rabo taki." Wani mai injin ɗab'i da nake kai wa aiki a Sabon Gari ya taɓa gaya mini cewa a garinsu, in suka hango babbar mota da irin wannan rubutu, sauka suke daga titi, wai direban ya riga ya miƙa komai ga ƙaddara, birki ba ruwansa. Ya faɗa yana dariya, ni kuwa sai da na ji zafi har zuciyata. Na san direbobi masu natsuwa da yawa da wannan magana ta zalunta. Ashe haka abin yake da ciwo in a kanka ya faɗo.

Mu marubuta ma ba mu kuɓuta ba. A littattafanmu ɗan ƙabilar Ibo kullum mai sayar da kayan gyaran mota ne, Kirista kuwa sai in ana neman wanda zai musulunta a babi na ƙarshe. Ni kaina na yi, ba sau ɗaya ba. Marigayi Alhaji Bashir Tofa, wanda ya rasu a 2022, yana da littafi mai suna Tunaninka Kamanninka, kuma sunan nan ne ya riƙa yi mini yawo a kai a cikin motar.

Da muka yi gaba kaɗan muka tsaya sauke fasinja, aka shiga rigimar canji da yaron mota. Muna nan tsaye sai ga Baba da kifinsa, a hankali, ya zo ya wuce mu, har ya ɗaga mana hannu. Direbanmu ya sunkuyar da kai yana laluben rediyo.