Kada Bunga Ya Zama Jakara

Zuwa ga jama'ar Farin Dutse da Gwaram da Birnin Kudu.

Duk wanda ya taɓa cin kasuwar Kurmi a Kano ya san warin Jakara. To wannan kwatar da ake toshe wa hanci, kogi ce a da. Tun zamanin mutanen Dala akwai kurmi mai duhuwa a bakinsa, kuma a nan Sarki Muhammadu Rumfa ya kafa kasuwar a ƙarni na 15, har ta ci sunan kurmin. Da gari ya cika, gidaje suka matso gaɓa, kowa ya juya wa ruwan baya ya sako masa kwatar gidansa. Mahauta suka ƙara nasu. Rafin Getsi ya kwaso dagwalon masana'antun Bompai ya haɗa, duka suka gangara madatsar Wasai a Minjibir. A zangon mulkin Gwamna Kwankwaso na biyu sai aka soma rufe shi da kankare ana shimfiɗa titi a kai. Babu ranar da Kanawa suka taru suka ce a kashe Jakara. Kowa ɗan nasa ya yi, ba mai tsawatarwa.

Gemun ɗan'uwanmu ke nan ya kama da wuta.

Mu Allah ya ba mu kogin Bunga. Daga tsaunukan Jos yake tasowa, ya ratso ƙasar Bauchi, ya biyo ta Gwaram, can gaba a kira shi Jama'are, ya haɗu da kogin Haɗeja su nufi tafkin Chadi. Ga fadamu da ƙananan rafuka da ke ciyar da mu da rani. Amma ku je bakin ruwa ku duba da idonku. Tifa tana kwasar yashi har gindin gaɓa, ta bar ramukan da yaro bai san da su ba sai damina ta rufe su. Kanya da ɓaure da marke da suka riƙe ƙasa tun kakanni suna komawa buhun gawayi. Leda ta cika kwari. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne yankan fuloti a kan hanyar ruwa, bayan duk mun ga abin da ambaliyar 2022 ta yi wa Jigawa. Ruwa ba ya manta hanyarsa, ko an ɗora masa bene.

Garuruwanmu ba su kai Kano cika ba tukuna, kuma wannan ita ce damarmu. Mu zauna tun yanzu. Dagatai da masu unguwanni su kira taro, a zo da limamai, da sarkin ruwa, da sarkin noma, da arɗo, da masu lambu, da direbobin tifa su kansu, don su ma abincinsu a nan yake. Kada a bar mata a gida, su ne suka san inda ruwa ya gurɓace kafin kowa. Bayan zama a tashi a taka gaɓar da ƙafa, dattawa a gaba, su nuna iyakar da ruwa yake kaiwa a shekarar da ya cika. Nan za a kafa alama, daga ita zuwa kogi ba gini. A ware mashaya da burtali, a ware inda za a ɗebi yashi da inda aka hana. Matasa su yi gayya, a dasa jema a bakin gaɓa, bayanta mangwaro da tsamiya da giginya.

Kuma a bar mana wurin zama. Me zai hana kowane gari ya sami inuwa mai tsabta a bakin kogi, inda magidanci zai kai iyalinsa da la'asar, malami ya kai ɗalibai su ga kifi da tsuntsaye, mai shayi da mai tsire su sami ciniki ranar Salla? Kogin da mutane ke zama a bakinsa ba a zuba masa shara a ɓoye.

Abin da aka yanke a rubuta shi, hakimi ya sa hannu, a kai ƙaramar hukuma da Masarautar Dutse da Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, don kada gobe wani ya zo da takardar fili ya ce bai sani ba.

Ɗan'uwa, ranar Juma'ar nan in an sallame, kada ka wuce gida. Tsaya ka tambayi mai unguwarku ranar da za a yi zaman, kuma ka ce a rubuta sunanka cikin masu zuwa.