Ɗan Ƙwallon da Aka Dakatar, Ina Zai Kai Kukansa?

Tun kafin zuwan Turawa, mutumin Zazzau da alƙali ya yanke wa hukunci ya san magana ba ta ƙare ba. Idan bai gamsu ba, akwai majalisar Sarki a gaba. Yau ma haka abin yake. Mai rigimar gona ko ta gado da ya sha kaye a ƙaramar kotu ya san akwai ta sama da ita, kuma kuɗin mota kaɗan ne zai kai shi. Amma akwai sana'a guda da samarinmu suka runguma hannu bibbiyu, daga Kwarbai zuwa Ƙofar Doka, daga Tudun Wada zuwa Sabon Gari, wadda dokarta ta ce ko an zalunce ka, kada ka kuskura ka taka kotun garinku. Ƙwallon ƙafa nake nufi. Kotun ƙarshe da aka yarda ɗan ƙwallo ya kai kukansa tana birnin Lozan na ƙasar Suwizalan.

Kundin dokokin hukumar FIFA ya hana kai rigimar ƙwallo kotunan gwamnati, kuma Najeriya ta ɗanɗana kuɗarta a kan haka. A watan Yulin 2014 wata kotu a Jos ta ba da umarnin da ya sauke shugabannin hukumar ƙwallon ƙafa ta ƙasa, NFF, ƙarƙashin Aminu Maigari. Ranar 9 ga watan FIFA ta dakatar da ƙasar baki ɗaya, ba ta janye ba sai ranar 18, bayan an mayar da su kan kujerunsu.

Ni dai ina ganin wannan doka tana da hujja. Kowa ya san yadda shari'a ke jan ƙafa a kotunanmu, a ɗage yau a ɗage gobe. Kakar wasa kuwa watanni ce, kuma ƙarfin ɗan ƙwallo bai cika wuce shekara goma zuwa goma sha biyar ba. Idan aka ce sai kotun ƙoli ta yi magana kafin a san ko wane zai buga wasan Lahadi, to gasa ta mutu. Sai dai wanda ya rufe wa mutum ƙofa ɗaya, wajibi ne a kansa ya buɗe masa wata wadda zai iya shiga. A nan ne ake cin amanar ɗan wasanmu.

Kotun Lozan, wadda ake kira CAS, an kafa ta a 1984. Mai ɗaukaka ƙara a kan hukuncin FIFA yana da kwana 21 kacal. Kuɗin shigar da takarda kawai faran 1,000 ne na Suwizalan, kafin a zo maganar lauya da masana da za su ba da shaida. Da Ingilishi ko Faransanci ko Sifaniyanci ake zaman. Dakatarwar da ba ta wuce wasa huɗu ko wata uku ba, kotun ba ta ma saurare, sai idan ta shafi ƙwayoyin ƙara kuzari. An tanadi tallafin shari'a ga marasa hali, gaskiya ne, amma sai wanda ya san da shi, ya kuma sami mai cika masa takardu kafin kwanakin su ƙare.

Ga masu hali, kotun tana aiki, kuma aiki mai kyau. An sami wani haramtaccen sinadari a jikin Paul Pogba bayan wasan Juventus da Udinese a watan Agustan 2023. Kotun yaƙi da ƙwayoyi ta Italiya ta dakatar da shi shekara huɗu, abin da zai kai shi shekara 34 a waje. Ya ɗaukaka ƙara, a watan Oktoban 2024 aka rage zuwa wata 18, saboda kotun ta yarda ba da gangan ya sha ba. Andre Onana, mai tsaron ragar Kamaru, yana Ajax a 2021 hukumar ƙwallon Turai ta dakatar da shi shekara guda. Ya ce maganin matarsa ya sha bisa kuskure, aka rage masa zuwa wata tara. Labarin Mamadou Sakho ya fi ba ni tsoro. A 2016 an dakatar da shi yana Liverpool, ya rasa wasan ƙarshe da Sevilla, ya rasa gasar ƙasashen Turai da aka yi a ƙasarsa Faransa, daga baya aka kori ƙarar. Sai a 2020, a gaban wata kotu a Landan, hukumar yaƙi da ƙwayoyi ta duniya ta ba shi haƙuri tare da diyya. Ke nan masu yanke hukunci su ma suna kuskure, har waɗanda ke da ɗakunan gwaji da manyan likitoci.

Bari in ratsa in yi wa samarinmu wata magana a nan. Idan ƙwayar da ke ɗakin matar Onana ta iya raba shi da fili wata tara, to mai shiga kemis ya ce a haɗa masa na ciwon jiki ya san inda ya dosa. Tun ranar 1 ga Janairun 2024 tiramadol ya shiga jerin abubuwan da aka haramta wa ɗan wasa lokacin gasa. Dokar kuwa ba ta tambayar ko ka sani. Abin da aka samu a jikinka, kai ke da alhakinsa.

Mu dawo gida. A watan Agustan 2019 FIFA ta haramta wa Samson Siasia shiga harkar ƙwallo har abada, tare da tarar faran 50,000, bisa zargin ya amince zai karɓi cin hanci don a murɗe wasanni. Maganar ta samo asali ne daga mu'amalarsa a 2010 da Wilson Raj Perumal, ɗan Singafo da ya yi ƙaurin suna wajen sayen wasa. Siasia ba ƙaramin mutum ba ne. Ya buga wa Najeriya a gasar duniya ta 1994, ya kai matasanmu lambar azurfa a wasannin Olamfik na 2008 da ta tagulla a 2016. Duk da haka sai da ya fito fili yana neman a taimaka masa da kuɗin ɗaukaka ƙara. Da ya samu ya isa Lozan, a watan Yunin 2021 kotun ta tabbatar da laifi, amma ta ce hukuncin ya wuce kima. Ta mayar da shi shekara biyar, ta soke tarar, wa'adin ya ƙare a watan Agustan 2024. Ba ina wanke shi ba ne. Ina so mai karatu ya lura cewa tsakanin "har abada" da "shekara biyar" babu abin da ya shiga sai kuɗin lauya. Da bai samu ba, da da hukuncin farko zai shiga kabari.

To yanzu a tuna da watan Yulin 2013, lokacin wasannin neman hawa mataki na ƙananan kulob. Plateau United Feeders ta ci Akurba 79 da nema, Police Machine ta Yola ta ci Bubayaro ta Gombe 67 da nema. Kafin hutun rabin lokaci ɗaya tana da 7 ne, ɗayar tana da 6. Abin kunya ne da duniya ta yi mana dariya a kansa, kuma babu mai hankalin da zai ce a bar shi ya wuce. NFF ta dakatar da kulob huɗun shekara goma, ta haramta wa 'yan wasansu da jami'ansu ƙwallo har ƙarshen rayuwa. Abin da ya tsaya mini a rai tun lokacin shi ne kuɗin goron da aka yi musu. Wanda ya ƙulla cinikin da yaron da aka ba umarni ya bi don kada a kore shi daga sansani, hukuncinsu ɗaya. Hujjar da ta ceci Siasia, wato a auna hukunci da girman rawar da mutum ya taka, ita ce za ta iya ceton wasu daga cikin yaran nan. Wane ne a cikinsu yake da faran 1,000, ko ya san lauyan da ya taɓa jin sunan Lozan?

Ba wai ba mu iya yin abin a kan tsari ba ne. Namu na gida, koci Salisu Yusuf, haifaffen Zariya, an nuna shi a wani bidiyon ɗan jaridar Ghana Anas Aremeyaw Anas a 2018 yana karɓar dala 1,000 daga wasu da suka zo a matsayin wakilan 'yan wasa. Kwamitin ɗa'a na NFF ƙarƙashin Nuhu Ribadu ya zauna, ya ji ta bakinsa, inda ya ce kyauta ce aka ba shi ba ta sauya masa zaɓen 'yan wasa ba. Kwamitin ya dakatar da shi shekara guda da tarar dala 5,000. Wasu sun ce an yi sassauci, wasu sun ce an tsananta. Amma an san tuhuma, an san masu zaman, an ji wanda ake tuhuma, an sa wa'adi, ya cika ya koma aikinsa. Abin da nake nema ke nan ga yaron da ba shi da sunan Salisu Yusuf.

Akwai kuma inda kuskuren na ofis ne. Shehu Abdullahi, ɗan Sakkwato, tsohon ɗan wasan Kano Pillars, ya karɓi katin gargaɗi a wasan Suwazilan a 2015, ya karɓi na biyu a wasan Zambiya a Uyo a watan Oktoban 2017, wasan da shi ya miƙa wa Alex Iwobi ƙwallon da ta kai mu gasar duniya a Rasha. A doka bai kamata ya buga wasa na gaba ba. Aka sa shi a wasan Aljeriya a watan Nuwamba, aka tashi 1 da 1. FIFA ta ba Aljeriya wasan da ci 3 da nema, ta ci Najeriya tarar faran 6,000. Allah Ya sa mun riga mun tsallake. Ƙirga kati aikin masu riƙe da takardu ne, amma sunan da ya yi yawo a jaridun duniya na Shehu ne. Irin wannan ta faɗa wa Afirka ta Kudu a 2025 a kan ɗan wasanta Teboho Mokoena, kuma sai da FIFA ta shafe wata shida kafin ta zare musu maki uku. A waɗancan watanni babu gidan kallon ƙwallo a garin nan da ba a zama lauya ba, kowa yana neman a bi doka. Ina fata za mu nemi a bi ta da irin wannan zafin idan ɗan unguwarmu ne a gaban kwamiti.

Kada a fahimce ni a baibai. Ba na goyon bayan a sassauta wa mai dukan alƙalin wasa ko mai tunzura 'yan kallo. A watan Yunin 2019, bayan wasan Kano Pillars da Rangers a Agege, an dakatar da kyaftin ɗin Pillars, Rabi'u Ali, wasa 12, aka ci kulob ɗin tarar naira miliyan 8. Rabi'u ɗan wasa ne da Arewa ke alfahari da shi, amma rafali ma ɗan wani ne, yana da iyalin da ke jiran ya dawo gida lafiya. Filin da babu hukunci a cikinsa, babu uban da zai bar ɗansa ya je. Sai dai hukuncin da ba a ji ta bakin mai laifi ba, ko ya yi daidai, ba ya kwantar da zuciya, kuma shi ke haifar da rigimar gaba. Malamanmu na Zazzau sun daɗe suna karantar da cewa alƙali ba ya yanke magana sai ya ji ɓangare biyu, kuma ba ya fifita mai riga a kan mara ita wajen zama.

Abin da na fi gani da idona shi ne gasannin unguwa da kofunan da masu hali ko 'yan siyasa ke sakawa. Rigima ta tashi a fili da la'asar, da dare kwamiti ya zauna, da safe sanarwa ta fito a WhatsApp cewa an kori wane shekara biyu. Babu rubutacciyar doka da aka raba kafin a fara gasar, ba a kira yaron ba, wani lokaci ma a cikin masu zaman akwai mai kulob ɗin da aka yi rigimar da shi. Idan ya ce zai ɗaukaka ƙara, mutanen da suka yanke hukuncin su ne za su sake zama. Wasu za su ce ai wasan yara ne. Amma a irin waɗannan filaye ake tsintar waɗanda ke zuwa Kaduna da Kano gwaji, kuma shekara biyu a wurin ɗan shekara 18 ita ce damarsa gaba ɗaya.

Gyaran wannan bai kai tsadar kofin da ake sayowa ba. Duk mai saka gasa a ƙasar Zazzau ya rubuta dokokinta da Hausa, a raba wa kowane kulob kafin a take ƙwallon farko, kowane laifi da hukuncinsa. Wanda ake tuhuma a kira shi, ya zo da kocinsa ko wani babba nasa. Masu jin ɗaukaka ƙara su zama wasu mutane dabam, dattawan da ba su da kulob a gasar, su kuma gama cikin mako guda. Hukumar ƙwallon ƙafa ta jihar Kaduna tana da ikon ƙin amincewa da duk gasar da ba ta cika wannan ba.

Ita kuwa NFF, tunda ita ke riƙe da dokar da ta hana 'yan wasa zuwa kotu, ita ke da nauyin samar musu da wurin shari'a mai zaman kansa a cikin ƙasa, wanda 'yan wasa ke da bakin magana wajen zaɓen masu zama a cikinsa, mai buga hukuncinsa da dalilansa kowa ya karanta, kuma wanda ɗan wasan da ake bin albashin wata huɗu zai iya shiga ba tare da ya sayar da babur ɗinsa ba.

Kira na ƙarshe ga tsangayar shari'a ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke Kongo, da lauyoyin garin nan. Tsakanin Kongo da ganuwar birni tafiya ce ta mintoci. Kowace shekara kuna yaye ɗaliban da suka haddace sunayen 'yan wasan Turai kaf. Ku koya wa wasu daga cikinsu dokokin wasanni, ku ware rana guda a mako da ɗan ƙwallon da aka dakatar, ko aka hana haƙƙinsa, zai zo da takardarsa a duba masa kyauta.