Sabon Awon Fili a Hanwa: Kada a Auna Ba Mai Shi

Jama'a, duk wanda ya bi ta Hanwa kwanakin nan ya ga samari da sanda mai fai-fai a kai, suna tsayawa kusurwa-kusurwa suna duban allo. Waɗansu sun ce hoto suke ɗauka, waɗansu sun ce ruwa suke nema. To, awon fili suke yi, kuma lambobin da suke rubutawa su ne gobe alƙali zai duba in rigimar iyaka ta tashi. Saboda haka muka ga wajibi ne mu bayyana wa 'yan'uwa yadda abin yake, don wanda bai san yadda aka yi awo ba, ba shi da bakin cewa an rage masa.

Ga yadda take aiki. Akwai taurarin ɗan'adam da ke kewaya duniya can sama, nisan wajen kilomita 20,000. Na Amurka su ake kira GPS, Rasha da Turai da Sin kuma kowa da nasa. Kowane tauraro yana aiko da saƙon lokaci. Na'urar da ke ƙasa sai ta lissafta daɗewar da saƙon ya yi a hanya, ta san nisanta da tauraron. In ta ji huɗu ko fiye, ta san inda take. Amma fa saƙon da gudun haske yake tafiya, kuskuren kashi ɗaya cikin miliyan na daƙiƙa ɓatan mita 300 ne. Sa'an nan iskar sama tana ɗan jinkirta shi. Shi ya sa wayar hannu takan kuskure da mita uku har biyar.

Wani zai ce mita uku mene ne? To, a yi lissafi. Fulotin da muka saba da shi ƙafa 50 ne da 100, watau gabansa wajen mita 15. In aka ci mita uku, an ɗauke kashi ɗaya cikin biyar na gaban gidanka. Shagon kasuwa kuwa mai faɗin ƙafa goma, mita ukun nan shi ne shagon ɗungum. Don haka duk wanda ya zo maka da wayar hannu ya ce zai fitar maka da iyaka, ka ba shi ruwa ya sha, ka sallame shi.

Masu awo na gaskiya na'ura biyu suke haɗawa, mu kira su uwa da 'ya. Uwa ana kafa ta bisa ƙafa uku, daidai kan shaidar siminti wadda hukuma ta riga ta san lambobinta. Da yake uwa ta san mazauninta, duk abin da taurari suka gaya mata tana iya gane yawan kuskuren da ke ciki. Nan take sai ta aika wa 'yar gyara ta rediyo ko ta layin waya, ita kuwa 'yar tana kan sandar da yaro ke yawo da ita. Da wannan gyara kuskure yakan sauko zuwa santimita ɗaya ko biyu, faɗin yatsa ke nan. Gwargwadon nisan 'ya da uwa, gwargwadon raguwar kyan awo, shi ya sa ba a son su yi nisa ƙwarai.

Mu mutanen Zariya ba baƙi ba ne ga wannan ilmi. Tun 2008 ofishin Babban Safiyo na Tarayya ya soma kafa irin waɗannan uwaye na dindindin a wurare dabam-dabam na Nijeriya, aka sa ɗaya a Jami'ar Ahmadu Bello, Samaru, wadda tsakaninta da Hanwa bai kai kilomita 20 ba. A jami'ar nan kuma ake koyar da aikin awon ƙasa.

Mu dai muna maraba da wannan na'ura. Ta fi sarƙa da igiya sauri, ba ta kuma san ɗan sarki ba balle ɗan talaka. Amma mutum ne ke riƙe da ita, kuma akwai ƙofofi huɗu da ɓarna ke shigowa.

Ta fari, mazaunin uwa. In mai awo ya yi ƙyuyar neman shaidar hukuma, ya dasa uwa inda ya ga dama ya bar ta ta kintaci wurinta, to duk awon ranar zai dace da junansa amma ya goce gaba ɗaya da mita guda ko fiye. Baɗi wani ya zo ya auna wa maƙwabcinka, takardu biyu su hau kan juna, zumunci ya lalace.

Ta biyu, gaggawa. 'Ya ba ta kama gyara nan da nan, takan yi ta lilo tukuna. Allonta yana nuna yawan kuskuren da take ciki. In ka ga 0.02, ta zauna. In ka ga 0.50, rabin mita ke nan, ba ta zauna ba. Gindin mangwaro, da jikin doguwar katanga, da kusa da rufin kwano, duk suna tare saƙon ko su karkatar da shi. Haka kuma sandar mai tsawon mita 2 ce, in aka riƙe ta a karkace tana iya cin taƙi guda.

Ta uku, tushen lissafi. Tsofaffin taswirorin ƙasar nan daga wata shaida da ke Minna aka ɗauko lissafinsu, taurari kuwa da na duniya suke aiki. Wuri guda, lambobinsa a tushen nan biyu sun bambanta da fiye da mita 50. In ba a juya lissafi daidai ba, sai a iske gidan mutum a takarda ya koma tsakiyar hanya.

Ta huɗu ita ce babba. Na'ura ba ta san iyaka ba sam. Inda aka dasa sanda, nan take rubutawa. In mai kuɗi ya zo da mai awo da sassafe, kai kana kasuwa, ya nuna masa bayan tsohuwar aduwar da kakanku suka yi shaida da ita, to na'ura za ta rubuta ƙaryarsa daidai har santimita. Daga ranar kuwa ƙarya ta sami lamba, kai ba ka da kome sai rantsuwa.

Dalilin da ya sa takarda ta yi nauyi haka sananne ne. Dokar Turawa ta 1910 ta sa ƙasar Arewa a hannun Gwamna, ta 1962 ta bi sawunta, ta 1978 kuma ta danƙa ƙasar kowace jiha ga Gwamnanta bisa amana saboda jama'a. A 2015 Jihar Kaduna ta yi dokar kafa hukumar KADGIS mai rajistar filaye cikin kwamfuta. Watau yanzu abin da ke cikin rajista shi ake fara dubawa kafin a saurari dattawan unguwa. Tun da amana ce, masu amanar suna da ikon tambaya.

Ga abin da muke roƙo. Kada a dasa sanda a iyakar kowa sai an sanar da shi da maƙwabtansa da mai unguwa tun da kwanaki, a zaɓi ranar da ba ta hana mutum neman abinci. Gwauruwa da marayu a tabbata wakilinsu yana tsaye. A kafa isassun shaidun siminti a Hanwa da Tudun Wada, a manna lambobinsu inda kowa zai gani. A bayyana kuɗin awo a fili, a ba da rasit.

Ga kuma abin da ya rage namu. In mai awo ya zo, ka tambaye shi da ladabi, Malam, kana da rajista? Tun 1989 akwai majalisar da ke yi wa safiyo rajista a Nijeriya, mai ita ba ya jin haushin tambaya. Ka ce ya nuna maka inda ya kafa uwa. Ka duba allo a kowace kusurwa, in ba ka karatu ka zo da ɗanka ɗan makaranta. In an gama, a sa tef a auna gaba da tsawo a gwada da abin da na'ura ta faɗa. A binne siminti a gabanka, ka karɓi takarda mai lambobi da sunan tushen lissafi, ka adana ta yadda kake adana kuɗin jari.

Wanda aka riga aka auna masa ba ya nan, kada ya zauna yana zuru. Ya tara maƙwabta da mai unguwa, su rubuta takarda su nemi a sake awo a gabansu, tun ba a sa tubali ba.